WURIN ZAMAN ƊALIBI: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN MU BA DA AIKIN BENCI

Jawabin da wani tsohon hedimasta, ɗan asalin Tamawa, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Gabatarwa

Kamar yadda kowa ya ji daga bakin shugabanni, babban aikin da ƙungiya ta sa a gaba bana shi ne samar wa yaranmu na firamare wurin zama. An nemi mu tsofaffin malamai mu tofa albarkacin bakinmu kafin a ba da aikin. Wataƙila wani ya ce me ya rage a faɗa game da benci, tun da katako ne da ƙusa. To, mu da muka shafe shekara talatin da biyar muna shiga aji mun ga bencin da ya yi shekara ashirin ana zama a kansa, mun kuma ga wanda bai ga ƙarshen zangon karatu na biyu ba. Mun ga yaron da ke rubutu a kan gwiwarsa, da wanda ya kwanta rub-da-ciki a kan siminti yana kwafar aikin allo. Kuɗin da za a kashe guminku ne, kuma yaran da za su zauna 'ya'yanmu ne da jikokinmu. Saboda haka za mu duba abu uku: yadda jikin ɗan Adam ke ɗora nauyinsa idan ya zauna, awon da ya dace da yaro, da kuma abin da ke sa mazauni ya daɗe.

Daga tabarma zuwa benci

Bahaushe ya san zama tun kafin zuwan Turawa. Yana da tabarmar kaba, malami yana da buzu, sarki yana da karaga da tumtum, mace kuma tana da kujerarta 'yar tsuguno, wadda har yau ba a rasa ta cikin kayan ɗakin amarya. Duk wanda ya lura da wannan kujera zai ga hikimar masassaƙanmu. Daga gungume ɗaya ake sassaƙa ta, babu ƙusa balle gam, don haka babu mahaɗin da zai saki. Samanta kuma ana ɗan ƙwarƙware shi ya yi kwarmi, ta yadda mai zama zai shige daidai, nauyinsa ya bazu. Shi ya sa mace ke iya wuni a kanta tana tuƙin tuwo ko tankaɗe, kuma kujerar ta kai ga jikoki.

A makarantar allo ma zaman ƙasa bai taɓa hana karatu ba, domin allo ice ne mai tauri. Almajiri yakan jingina shi a cinya ko gwiwa, ya ɗago shi daidai idonsa. Littafin rubutu na boko kuwa takarda ce mai laushi, ba ta tsayuwa da kanta, sai an shimfiɗa ta a kan abu mai faɗi. Idan babu tebur, dole yaro ya kai kansa inda littafin yake. Daga nan matsalar ta samo asali.

Tun a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 an haɗa karatu da koyon sana'a, har da kafinta. A zamanin En'e makarantun elementare kaɗan ne, yaran ma kaɗan, don haka kayan aji sukan wadatar. Abin ya sauya a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a wannan zamani mun fito muka tarar da azuzuwa maƙil da yara, wasu a gindin bishiya. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, an ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, an yi masa doka a 2004, an gina azuzuwa masu yawa, amma yawan yara ya ci gaba da rinjayar yawan benci.

Yadda jiki ke ɗora nauyinsa

Jama'a, kowa a nan ya san dalilin da ya sa mai tallar ruwa ke yin gammo, da dalilin da ya sa ba a ɗora wa jaki mangala sai an sa masa akumari. Kayan ba su ragu ba, amma nauyinsu ya bazu a wuri mai faɗi. Jakin da aka yi wa lodi babu akumari, ba a daɗewa bayansa zai yi miki. Wannan ƙa'ida ita ce tushen ilimin ƙera mazauni gaba ɗaya.

Idan mutum ya zauna, akwai ƙasusuwa biyu a ƙasan ƙugunsa waɗanda yake dirawa a kansu. Masana sun ƙiyasta cewa a kan mazauni mai tauri, kusan kashi 75 cikin 100 na nauyin jiki kan taru a ɗan wurin da ke ƙarƙashin waɗannan ƙasusuwa, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannun ƙaramin yaro ba. Matsin yakan danne ƙananan hanyoyin jini, wurin ya fara zafi, sai mutum ya gyara zama. Aikin mazauni nagari shi ne ya raba wannan nauyi gida huɗu: mazaunai, cinyoyi, tafin ƙafa da ke ƙasa, da gadon baya da ke jingine.

Idan benci ya yi wa yaro tsawo, ƙafafunsa za su riƙa reto, bakin katako ya danne ƙasan cinyarsa, ƙafar ta sage. Sai ya zamo gaba ya zauna a baki-baki don ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya bar majingina a baya. Idan kuma bencin ya yi masa gajarta, gwiwoyi za su ɗago sama da ƙugu, cinya ta tashi daga katako, nauyi ya koma kacokan kan ƙasusuwan nan biyu. Mu malamai mukan ga yaro yana ta mutsu-mutsu mu ce ƙiriniya ce, alhali sau da yawa jikinsa ne ke neman sauƙi.

Shi kuma ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Yana da ɗan lanƙwasa ta ciki a daidai kwankwaso, kuma tsakanin ƙasusuwansa akwai faya-fayan guringuntsi masu aiki kamar matashi. Wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke kan waɗannan faya-fayai a shekarun 1960 da 1970, ya gano cewa zama a duƙe gaba ya fi tsayuwa a miƙe ɗora musu nauyi. Awon da aka sake yi a Jamus a 1999 ya tabbatar da illar duƙawar, ya kuma nuna cewa jingina baya na rage matsin ƙwarai. Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: karkacewar ƙashin baya da akan gani ga wasu yara tana da nata dalilan dabam, ba benci ke kawo ta ba. Abin da mummunan mazauni ke kawowa shi ne gajiya, ciwon wuya da kwankwaso, munin rubutu da rashin natsuwa. Yaron da ke zaune daga ƙarfe takwas na safe zuwa ɗaya da rabi na rana, kwana biyar a mako, har shekara shida, wannan kaɗai ya isa ya rage masa rabonsa na ilimi.

Awon da ya dace

Babban kuskuren da ake yi wajen ba da aikin benci shi ne a yi awo ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida. Ba mai sayen takalmi lamba ɗaya ya raba wa 'ya'yansa duka. A ƙasashen Turai akwai ƙa'idar kayan zama na makarantu mai lamba EN 1729, wadda ta fito a 2006, ta kasa kujeru da tebura bisa tsawon yara, kowane rukuni da launinsa. Ga waɗanda suka shafe mu, mun kuma juya su zuwa inci saboda da shi kafintocinmu ke aiki:

1. Yaro mai tsawon santimita 108 zuwa 121: mazauni santimita 31 (inci 12), tebur santimita 53 (inci 21).
2. Mai tsawon 119 zuwa 142: mazauni 35 (inci 14), tebur 59 (inci 23).
3. Mai tsawon 133 zuwa 159: mazauni 38 (inci 15), tebur 64 (inci 25).
4. Mai tsawon 146 zuwa 176: mazauni 43 (inci 17), tebur 71 (inci 28).

An yi wannan awo ne da yaran Turai, saboda haka jagora ne kawai. Abin da ya fi shi ne a ɗauki tef a shiga aji. A zaunar da yaro, a auna daga tafin ƙafarsa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarsa. Wannan shi ne tsawon mazauninsa. Malami ɗaya da mataimaki za su iya auna aji guda kafin a fita tara. Idan aka yi haka, za a ga cewa awo uku ya ishi makarantar firamare: ƙarami, matsakaici da babba. A shafa wa kowanne fenti mai launi dabam a ƙafa don kada su cakuɗe.

Bayan tsawo, akwai abubuwa biyar da za a lura da su. Na farko, zurfin mazauni: idan yaro ya jingina, a sami tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin katako da bayan gwiwarsa. Siririn katako mai inci shida da wasu ke bugawa don tsimi bai da bambanci da zama a kan reshe. Na biyu, a goge bakin gaba ya yi santsi da zagaye, kada ya zama mai kaifi. Na uku, majingina ta tokare kwankwaso, ta ɗan kwanta baya kaɗan, a kuma bar sarari tsakaninta da mazauni. Na huɗu, saman tebur ya zo daidai gwiwar hannu ko ya ɗara kaɗan, kuma bakinsa ya zo daidai saman bakin benci. Idan aka nisanta su, dole yaro ya duƙa. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, A. C. Mandal, ya daɗe yana jan hankali cewa tebur mai ɗan gangare na rage sunkuyar da wuya, kuma tsofaffin teburan da muka zauna a kai masu ramin tawada haka suke. Na biyar, kowane yaro na buƙatar faɗin ƙafa biyu, wato santimita 60. Benci mai ƙafa huɗu na mutum biyu ne. Idan aka cusa huɗu, babu mai iya motsa hannu. Bahago kuma a ba shi gefen hagu, sannan a tuna da yaran da ke da lalurar ƙafa a yi musu nasu awon.

Abin da ke sa benci ya daɗe

Maƙiyan benci a ƙasarmu huɗu ne: ɗanyen katako, ƙusa, gara da sakaci.

Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwannin 'yan katako na Katsina da Kano daga kudu yake zuwa, inda iska ke da laima. Idan aka yi aiki da shi bai bushe ba, da hunturu ya shigo sai ya tsuke, ya kantare, ya tsage, mahaɗansa su yi sako-sako. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ƙwari da ruwa ke yi wa katako. Don haka a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya yi watanni kafin a sa masa zarto. A kuma zaɓi mai tauri kamar loko ko maɗaci. Farin katako mai laushi irin obece na silin ne da akwati. Falankin garin katako da ake mannawa da gam kuwa, ruwa na taɓa shi zai kumbura ya ruguje, kuma mun san halin rufin azuzuwanmu da damina.

Itatuwan da masassaƙanmu suka saba da su, irin su ƙirya, kawo, marke da maɗaci, sun yi ƙaranci a gonakinmu, dajin Rugu kuma matsalar tsaro ta sa ba ya shiguwa kamar da. Amma muna da bedi, wanda aka fara shigo da shi Nijeriya ta Borno a 1928, ya kuma yaɗu a nan musamman ta shirye-shiryen dashen itatuwa. Katakonsa na da ƙarfi, gara ba ta cika son sa ba. Sharaɗi kawai shi ne duk wanda ya sare ɗaya ya dasa biyar.

Ƙusa kuwa, yaro ba ya zama shiru. Yana lilo gaba da baya, kuma kowane lilo yana ɗan zaro ta har wata rana ƙafar benci ta fita, ƙusar ta yaga riga ko ta soki yaro. Haɗin da ke daɗewa shi ne wanda ake huda rami a jikin ƙafa, a fiƙe bakin ɗaya katakon a zura da gam, ko kuma a ɗaure da noti. A nan akwai darasi daga wani kafinta mai suna Michael Thonet, wanda a 1859 ya fito da wata kujera a Biyana ta ƙasar Ostiriya. Gutsuren ice shida ne kacal da 'yan notina, ana zuba guda 36 a wargaje cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, kuma zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Sirrinta shi ne ƙarancin mahaɗai, kuma duk wanda ya saki ana iya ƙara ɗaure shi.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane mai duba aiki ya riƙe. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafun benci sau biyu, lotsawar katako a tsakiya idan an zauna za ta ninka sau takwas. Idan kuma aka ninka kaurin katakon sau biyu, lotsawar za ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan ɗan kwangilar da ya rage rubu'in inci daga kaurin katako ya rage wa bencin ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Duk bencin da ya wuce ƙafa huɗu a sa masa ƙafa a tsakiya, a kuma gitta masa tokari ta yadda zai yi kusurwa uku, domin siffa mai kusurwa uku ba ta gocewa.

Idan an zaɓi ƙafafun ƙarfe da saman katako, wanda a ganinmu shi ya fi dacewa, a tabbata bututun mai kauri ne, waldar ta zagaye mahaɗi gaba ɗaya ba ɗigo-ɗigo ba, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado. Mazauni na zallar ƙarfe ba ya zaunuwa da bazara saboda zafi, da hunturu saboda sanyi. Farar kujerar roba tana da amfani wajen taro, amma rana na gasa ta ta yi gautsi, kuma idan ta karye ba ta gyaruwa. Gara kuwa maganinta daɓen siminti mai kyau da shafa wa ƙafafu maganin katako. Zuba sabon benci a ajin da daɓensa ya farfashe kai wa gara abinci ne har gida.

Araha ba ta ado

Bari mu buga misali kawai da alƙaluma. A ce aji na da yara 60, yana buƙatar benci 30 masu cin mutum biyu. A ce na araha naira 20,000 ne, yana shekara 2. Mai inganci kuma naira 35,000, yana shekara 10. Cikin shekara goma za a sayi na araha sau biyar, a kashe naira miliyan 3, alhali mai ingancin naira miliyan 1 da dubu 50 ne. Farashi zai sauya, amma lissafin ba zai sauya ba. Gara mu kammala aji uku bana da abin kirki, mu ci gaba baɗi, da mu cika makaranta da abin da za a kwashe a kai bayan aji kafin taronmu na gaba.

Kada a manta da dattawa

'Yan uwa mazauna birni, wannan ilimi ya shafi gidajenku. Da yawa daga cikinku kukan aiko wa iyaye manyan kujerun kushin masu laushi don kyautatawa, Allah Ya saka da alheri. Amma ku lura, kujerar da mutum ke nutsewa cikinta har gwiwa ta fi ƙugu tsawo, tsoho mai ciwon gwiwa ba ya iya tashi daga kanta sai an kama shi. Shi ya sa za ku zo ku tarar ya koma kan tabarmarsa. Abin da ya dace da shi kujera ce mai tsawon inci 17 zuwa 18, mai soso mai ƙarfi, da hannuwa biyu da zai dafa ya miƙe. Haka nan bencin da mata masu juna biyu ke jira a kai ranar awo a asibiti ya cancanci majingina.

Shawarwari

1. A kafa ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi malami, kafinta, mai walda da wakiliyar iyaye mata, su auna yara kafin a yanka katako ko ɗaya.
2. A fara yin samfur na kowane awo, a sa a aji wata guda, a ji ta bakin yara da malamai, sannan a ba da sauran aikin.
3. A rubuta irin katako, kaurinsa da kaurin ƙarfe a takardar yarjejeniya, kada a biya cikon kuɗi sai an auna an gani.
4. A ba matasanmu masu sana'a na yankin Kurfi da Dutsin-Ma fifiko, domin wanda ya yi aiki a gida ya san za a neme shi idan ya lalace.
5. A sa wa kowane benci lamba, a buɗe rajista, a hana aron su zuwa biki ko taron siyasa, a gyara ƙofofi da tagogi.
6. A ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gyara a kowane dogon hutu.
7. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya don ilimin bai-ɗaya, jihohi na ba da nasu kason su karɓa. Don haka ƙungiya ta haɗa kai da kwamitin kula da makaranta na al'umma, a miƙa buƙatunmu a rubuce ga sakataren ilimi da hukumar SUBEB. Gudummawarmu ƙari ce a kan haƙƙin yaranmu da ke wuyan hukuma.

Kammalawa

Jama'a, yau muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, duk a Dutsin-Ma, kusa da ƙofar gidanmu. Amma babu mai isa can sai ya bi ta aji ɗaya, ya koyi riƙe fensir, ya iya rubuta sunansa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon duk wanda ya yi alkawari ya cika, wanda bai yi ba ya ɗauki nauyin ko da benci ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu zaman lafiya a Tamawa da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.